Ɗinkin tiyata a jikin mai ciwon suga

Yayata ta daɗe tana shan metformin saboda ciwon suga, amma ba ta taɓa sanin allurar insulin ba sai da aka yi mata tiyatar sankarar mama. Washegari sugan jininta ya haura 250, alhali ko kunu ba ta kurɓa ba. Hankalinmu ya tashi.

Likita ya ce ba abin mamaki ba ne. Tiyata firgita jiki take yi, sai ya saki sinadaran da ke sa hanta ta zuba suga cikin jini. Ga kuma dexamethasone da ake bayarwa don hana amai, shi ma yana ɗaga shi. Illar kuwa a kan miki take: suga mai yawa yana raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, ɗinki ya ƙi kamawa, har ya yi mugunya. Shi ya sa a asibiti ake son sugan ya tsaya tsakanin 140 da 180.

Wahalar gaske a gida take. 'Yan dubiya, Allah ya saka musu, kowa da kwalin Maltina ko fura mai zaƙi, ana cewa "Ci ki samu ƙarfi." Na zama mai gadin ƙofa. Ƙwai, wake, kifi da zogale muka riƙa ba ta, don irinsu ne ke taimaka wa naman miki ya tofo. Ranar da ta kasa cin abinci kuma, mu kira likita kafin allura, kada sugan ya faɗi ƙasa da 70.

Idan bakin ɗinki ya yi ja, ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo, kada ku jira ranar komawa asibiti.