Gasannin Kulob-kulob na Hokin Ƙanƙara: Kofuna Barjat, Babu Zakaran Duniya

Hokin ƙanƙara wasa ne na ƙasashen da ruwa ke daskarewa da hunturu. 'Yan wasa shida a kowane ɓangare, har da mai tsaron gida, suna sulɓi a kan takalma masu kaifin ƙarfe, suna korar ɗan faifan roba da sanda zuwa raga. An kafa hukumar wasan ta duniya a Paris a 1908, amma har yau ba ta da gasar da ke fitar da zakaran kulob-kulob na duniya, irin wadda ƙwallon ƙafa ke da ita.

Gasar gayyata da ta fi daɗewa cikin masu rai ita ce Kofin Spengler, da ake yi a garin Davos na Suwizalan tun 1923. Wanda ya ba da kofin, Carl Spengler, likitan tarin fuka ne, kuma ya yi haka ne da manufa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an mai da Jamus saniyar ware a fagen wasanni, shi kuwa yana son matasan ƙasashen da suka gwabza su sake haɗuwa a fili ɗaya. Jami'ar Oxford ce ta fara ɗauka, galibin 'yan wasanta ɗalibai ne daga Kanada. A 1924 kulob ɗin Berlin ya karɓa. Gasar ta gayyata ce, ana yin ta daga 26 zuwa 31 ga Disamba, kuma ba ta taɓa iƙirarin naɗa zakaran kowace nahiya ba. Mai yiwuwa wannan rashin dogon buri ne ya raya ta fiye da shekara ɗari.

A 1965 hukumar ta kafa Kofin Turai, tana koyi da ƙwallon ƙafa, inda zakaran kowace ƙasa ke shiga. ZKL Brno ta Cekoslobakiya ta lashe uku na farko. Daga nan CSKA ta Mosko, kulob ɗin sojojin Tarayyar Sobiyet, ta mamaye fagen: sau 20 ta ɗauki kofin, 13 daga ciki a jere, daga 1978 zuwa 1990. Asirinta a fili yake. Aikin soja wajibi ne a kan kowane saurayi, saboda haka duk yaron da ya nuna gwaninta a wani kulob ana iya kiransa soja, ya wayi gari a CSKA. A ƙarƙashin mai horarwa Viktor Tikhonov 'yan wasan kan shafe mafi yawan shekara a sansani, nesa da iyalansu. Gasar da aka san mai cin ta tun kafin a fara kuwa ba ta tara 'yan kallo.

Abokan karawarta na gaskiya suna ƙetaren teku, a gasar NHL ta Kanada da Amurka, wadda aka kafa a 1917 kuma ba ta ƙarƙashin ikon hukumar duniya. Masu kulob-kulob ɗinta 'yan kasuwa ne, ba sa ganin ribar kai 'yan wasa masu tsada inda za su ji rauni ko su sha kunya. Sai dai wasannin sada zumunta, idan za a kira su haka. Ranar 31 ga Disamba 1975 CSKA ta yi kunnen doki 3-3 da Montreal Canadiens, wasan da har gobe ake yabawa. Ranar 11 ga Janairu 1976 kuwa, a Philadelphia, sai da 'yan Sobiyet suka fice daga fili bayan an maka gwarzonsu Valeri Kharlamov da ƙasa. Ba su dawo ba sai da aka ce ba za a biya su kuɗinsu ba, aka kuma ci su 4-1.

Bayan rushewar Sobiyet sai gasannin suka riƙa mutuwa ana sake musu suna: wata daga 1996 zuwa 2000, wata daga 2005 zuwa 2008. Gasar Zakarun Turai ta 2008 ta zo da kuɗin kamfanin Gazprom, ZSC Lions ta Zurich ta lashe, sannan rikicin tattalin arzikin duniya ya binne ta bayan kaka ɗaya tak. An farfaɗo da ita a 2014, wannan karo kulob-kulob da kansu suna da hannun jari a ciki. Zuwa 2020 Frölunda ta Suwidin ta ɗauka sau 4, amma manyan kulob-kulob na Rasha ba su shiga ba, abin da ya rage wa kambin daraja.

Sau biyu kacal aka haɗa ɓangarorin biyu a kan kofi na hukuma, wato Kofin Victoria. A 2008 New York Rangers ta doke Metallurg Magnitogorsk 4-3 a Bern. A 2009 ZSC Lions ta ba da mamaki, ta ci Chicago Blackhawks 2-1. Ba a sake buga shi ba.

Afirka ma ta taɓa gwadawa. A 2016 kulob huɗu daga Maroko, Aljeriya, Tunisiya da Masar suka kara a Rabat, a kan ƙanƙarar da inji ke daskararwa, Carthage Eagles ta Tunisiya ta koma gida da kofin.