Partenia: Kufan da Har Yanzu Ake Naɗa wa Magaji

Akwai ƙauyukan da rijiyarsu ta ƙafe mutane suka tashi, katanga ta zube, geza ta cinye fili. Duk da haka zuri'ar ba ta yarda sunan ya ɓace. Idan magaji ya rasu sai dattawa su taru su naɗa wani, ko da yana zaune a birni bai taɓa taka wurin ba. Ba shi da talaka ko ɗaya, ba ya raba gardamar gona, amma a wurin biki da sunan kufan za a kira shi.

Cocin Katolika na da irin wannan sarauta, kuma ba kaɗan ba, don kujerun sun haura dubu. Ƙa'idarsu ce cewa bishop dole ya zama bishop na wani gari. To mataimakin bishop fa, ko jakadan Fafaroma, ko babban ma'aikaci a fadar Vatikan, waɗanda ba su da jama'ar kansu? Sai a buɗe tsohon littafi, a zaɓo garin da ya taɓa samun bishop amma jama'arsa ta ƙare, a ba shi sunan. A da ana ce musu bishop-bishop na ƙasashen marasa imani, sai a 1882, zamanin Fafaroma Leo na 13, aka daina wannan laƙabi. Da yawa daga cikin garuruwan nan a Arewacin Afirka suke, inda a zamanin Rumawa kusan kowane ƙaramin gari ke da nasa bishop. Ko Fafaroma Leo na 14, da aka fara naɗa shi bishop a 2014, sunan Sufar aka ba shi, wani tsohon gari a Aljeriya.

Partenia ɗaya ce daga cikinsu. Tana lardin da Rumawa ke kira Mauretania Sitifensis, wajajen Setif a Aljeriya ta yau, kuma an rasa takamaiman inda ta zauna. Abin da ya rage na tarihinta bai cika tafin hannu ba. A shekara ta 484 Huneric, sarkin Bandal da ke mulki daga Kartaj, mai bin aƙidar Ariyus da ta saɓa wa ta Katolika, ya kira bishop-bishop na Katolika sama da 400 taro, ya ƙare da korarsu daga kujerunsu. A jerin sunayensu akwai Rogatus na Partenia. Daga nan shiru. Sai a 1933 Roma ta kakkaɓe sunan ta sa shi cikin kujerun girmamawa.

Amma rawanin kufai kaifi biyu gare shi. Ana ba mutum don a ɗaga shi, ana kuma ba shi don a kawar da shi ba tare da an ce an tuɓe shi ba. Jacques Gaillot ya zama bishop na Évreux a Faransa a 1982, kuma bai iya kama bakinsa ba. Ya goyi bayan a naɗa masu aure limaman coci, ya yi adawa da Yaƙin Gulf, ya caccaki dokokin shige da fice na gwamnatin Faransa, kullum yana gidajen talabijin. 'Yan uwansa bishop-bishop suka gaji, Roma ma ta gaji. A ranar 13 ga Janairun 1995, zamanin Fafaroma John Paul na 2, aka sanar da cewa an mayar da shi Partenia. A takarda canjin wurin aiki ne. Kowa ya san kora ce, shi ya sa dubban mutane suka cika Évreux ranar addu'ar bankwana.

Ni a ganina masu wannan shawara sun yi lissafi irin na dattawan da suka ba fitinannen ɗa magajin kufai don su huta, suka manta cewa wanda ba shi da gida ba shi da katangar da za ta tsare shi. Gaillot, wanda ya yi aikin soja a Aljeriya lokacin yaƙin neman 'yanci, ya karɓi sarautar hannu biyu. Ya koma zama da marasa muhalli da suka mamaye wani gini a titin Dragon a Paris. A 1996 aka buɗe wa Partenia shafi a intanet, tun mutane da yawa ba su san me ake nufi da intanet ba, ya mai da ita mahaɗar baƙin haure da fursunoni da duk wanda aka ture gefe. Hujjarsa mai sauƙi ce: tunda garin ba ya ko'ina, to yana iya zama ko'ina. Ko mutum bai yarda da ra'ayoyinsa ba, kuma Katolika da yawa ba su yarda ba, sai ya sara wa wannan dabara.

Ba a mayar masa da Évreux ba. Fafaroma Francis dai ya karɓe shi a Vatikan a 2015, shi ma tsohon magajin kufai ne, don da sunan Auca ta Sifen aka naɗa shi mataimakin bishop na Buenos Aires a 1992. Gaillot ya rasu a Paris a watan Afrilun 2023 yana da shekara 87, bayan ya riƙe Partenia shekara 28, fiye da ninkin zamansa a Évreux.