Chen Po-liang: Ɗan Tamaular Da Ya Fita Neman Fage

A gabas da babban yankin ƙasar Sin akwai wani tsibiri mai suna Taiwan, wanda Turawan dā ke kira Famosa. Mutanensa sun fi ƙaunar wasan besbol, watau wanda ake bugun ƙwallo da kulki. Tamaula kuwa ba ta da kasuwa sosai a can. Amma a dā ta yi suna, gama ƙungiyar ƙasar ta ci lambar zinariya a Wasannin Asiya na 1954 da na 1958. Sai dai yawancin 'yan wasan da suka ciwo wannan nasara mazauna Hon Kon ne, ba a tsibirin suka tashi ba. Da aka daina ɗebo su, sai ƙarfin ƙungiyar ya ragu ƙwarai.

A cikin wannan hali aka haifi Chen Po-liang a birnin Kaohsiung cikin 1988. A makaranta ya koyi wasa, har ya shiga kwalejin horon wasanni ta birnin Taichung. Ɗan tsakiya ne, watau mai karɓar ƙwallo daga 'yan baya ya raba wa 'yan gaba. Wannan aiki ya fi bukatar natsuwa da hangen nesa bisa ƙarfin ƙafa. Cikin 2009, yana da shekara 21, aka naɗa shi kyaftin na ƙungiyar ƙasa.

To, ga gwaninta, amma ina fage? A lokacin babu gasar da mutum zai riƙi tamaula sana'a a Taiwan. Manyan kulob-kulob na kamfanoni ne, kamar Taipower na kamfanin lantarki, inda shi ma ya buga. Ko dai ya zauna gida gwanintarsa ta tsaya inda take, ko kuwa ya bar dangi ya shiga uwa duniya. Ya zaɓi tafiya. Cikin 2011 ya tafi kulob ɗin Pegasus na Hon Kon, garin da dā ake ɗebo wa ƙasarsa 'yan wasa.

Cikin 2012 ya koma Shenzhen Ruby a ƙasar Sin, ƙarƙashin Bafaranshe Philippe Troussier, wanda ya horar da ƙungiyar Nijeriya cikin 1997. Daga nan sai Shanghai Shenhua, cikin babbar gasar Sin. Cikin 2015 ya sake haɗuwa da Troussier a Hangzhou Greentown, inda ya yi shekaru yana wasa. Bayan da ya buɗe wannan ƙofa, waɗansu samarin Taiwan suka bi sawunsa.

Malamai, abin lura a nan shi ne, ƙasar da ta dogara ga 'yan wasan aro ta ga ƙarshen aro. Wanda ya ɗaga sunanta daga baya kuwa, a filin makaranta aka rene shi. Saboda haka kada malami ya ɗauki sa'ar wasa lokacin hutunsa.