Ƙwayar rogon Kwango da kokon yaran Anu Araren

A Anu Araren, inda kamfanin SONICHAR ke haƙar gawayin da ke ba Arlit da Agadas wutar lantarki, hatsin kokon yara daga kudu yake zuwa. Matsalar koko sananniya ce: in gari ya yi yawa, ya yi kauri, jariri ba ya iya haɗiya, in uwa ta ƙara ruwa, cikin yaro ya cika amma bai ƙoshi ba. Sitacin hatsi ne ke kumbura a kan wuta.

Akwai sinadari mai suna amilaz da ke daddatsa sitaci, koko ya tsinke ba tare da an rage gari ba. Galibin ƙwayoyin bakteriya masu sa tsami ba su da shi. A 1991, masanan cibiyar ORSTOM ta Faransa, wadda a yau ake kira IRD, sun bayyana wata ƙwaya da suka samo a jiƙaƙƙen rogo a Kwango, Lactobacillus plantarum A6, mai narkar da sitaci. A 1997 aka karanta ƙwayar gadon da ke ba ta wannan baiwa, amyA. Ƙarshenta na da wani yanki mai maimaita kansa, wanda ke sa amilaz ya manne wa ɗanyen sitaci.

Daga baya an gwada A6 a kokon gero da gyaɗa na Burkina Faso. Amma uwa a Anu Araren tana da amilaz a hannu: ɗan garin tsiron hatsi cikin koko mai ɗumi yana tsinka shi.