Na'a-na'a A Gindin Randa

 

Wata baiwar Allah daga Wagini, a ƙaramar hukumar Batsari, ta aiko mana da saƙo. Ta ce sau uku maigida yana kawo mata na'a-na'a tana dasawa, da zarar hunturu ya kama sai ta bushe ƙurmus, har abokiyar zamanta na tsokanarta wai hannunta bai karɓi shuka ba.

To 'yar'uwa, ba laifin hannunki ba ne. Na'a-na'a 'yar laima ce, ba ta son iska mai bushewa, ba ta son ranar tsaka. Mu kuwa a nan yammacin Katsina, ƙarfin damina daga Yuni ne zuwa Satumba, ga ƙasarmu jigawa, ba ta riƙe ruwa. Don haka sai da dabara.

Ki sami tsohuwar tukunyar ƙasa, ko da ta tsage. Ki huda gindinta, ki jera tsingaro a ciki don ruwa ya riƙa wucewa. Sai ki haɗa ƙasa kashi biyu da takin awaki kashi ɗaya. Amma fa wanda ya daɗe ya ruɓe, domin ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi.

Kada ki dasa reshen kai tsaye. Ki tsinke ganyen ƙasa, ki tsoma shi a kofin ruwa kamar kwana 7 zuwa 10. In kin ga fararen saiwoyi sun fito, to lokacin dashe ya yi.

Ina za ki aje tukunyar? Gindin randa! Nan ne wuri mafi sanyi a gidanki, kullum da laima, ga katanga tana tare iska. Ya kasance dai tana samun ranar hantsi.

Na san ruwa saye ake yi a gidaje da yawa. Ba sai kin taɓa na sha ba, ruwan da kika wanke gero ko shinkafa ya wadatar. Na sabulu da na omo kam, a'a. Ki tura yatsa cikin ƙasar: in kin ji danshi ki ƙyale ta, in ta bushe ki zuba. Da bazara kuwa safe da yamma. Kuma kada ki bar ruwa ya kwanta ƙarƙashin tukunyar, nan sauro ke hayayyafa, ya jawo wa yara zazzaɓi.

Wajen ɗiba, kan reshe za ki riƙa tsinkewa, sai ya fito da rassa biyu. Ki kifa tsohon kwando saboda kaji da awaki.

In ta cika tukunya, ki raba saiwar gida biyu, ki miƙa wa abokiyar zaman taki rabi. Shayin maigida ya samu ƙamshi, tsokana kuma ta ƙare.

Allah Ya sa albarka, Ya zaunar mana da yankinmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.