Birnin Yauri: Rumbun da Aka Bari Babu Jinka

Wanda ya tashi daga Yelwa ya kama hanyar Kontagora, tafiyar kilomita 14 ko kusa da haka za ta kai shi Birnin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski. Baƙo zai ɗauka gari ne irin sauran garuruwan bakin titi. Alhali nan ne fadar Yauri ta zauna ɗaruruwan shekaru, nan ne birnin da Gungawa ke kira Ireshe. Ganuwarsa ta daɗe da zubewa, sai wanda ya san wurin ne zai nuna maka sauranta.

Mai son ya gane yadda birni irin wannan ke tashi da yadda yake mutuwa, ya leƙa bayan gidan kowane manomi a Ngaski ko Shanga ya dubi rumbun ƙasa. Da laka ake gina shi, a ɗora shi bisa duwatsu saboda gara da danshi, a bar masa ƙaramar ƙofa daga sama saboda ɓera da ɓarawo, sannan a kifa masa jinka. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an duba tsaga an yaɓe, an sake ciyawar jinka. Ganuwa rumbu ce ta gari guda. Lakar ɗaya ce, abokan gabar ma kusan ɗaya ne: ruwan sama, da mai son abin da ke ciki, da sakacin mai gida.

Ba a gina rumbu sai da abin zubawa. Yauri kuwa tana da shi. Tana bakin kogin Kwara, a yankin da ayarin fatake masu ɗauko goro daga Gwanja ke ƙetare ruwa su nufi Kano da Katsina, masu kanwa da tufafi da fatu kuma su yi yamma. Wanda ke riƙe da mashigin ruwa shi ke karɓar fito, kuma Gungawa mazauna tsibirai su ne masu jirage. Tarihin baka ya ce wani Bahaushe mai suna Tafiraulu ne ya kafa gidan sarautar a farkon ƙarni na 15, sunan ƙasar kuma ya dace da na sarki na biyar, Yauri. Masu lissafin Banza Bakwai sun sa ta cikin jerinsu tare da Kabi da Zamfara da Nupe, amma arzikinta bai yi kama da na banza ba. Shi ya sa Muhammadu Kanta na Kabi ya sa mata ido a ƙarni na 16, ta kuma daɗe tana kai wa Kabi gaisuwa bayan rasuwarsa.

Mun yi sa'a akwai waɗanda suka ga rumbun nan a cike suka rubuta. A 1830 wasu 'yan'uwa biyu daga Ingila, Richard da John Lander, sun yi makonni a birnin suna neman takardun Mungo Park, Baturen da ya wuce ta Yauri a jirgin ruwa ya halaka a Busa a 1806. Takardun ba su samu ba, amma sun bar mana bayanin gari. Sun ce ganuwar doguwa ce, mai kyan gini duk da cewa ta ƙasa ce zalla, tana da manyan ƙofofi takwas, kewayenta kuma suka kimanta shi mil 20 zuwa 30. Sun ga ana haɗa albarushi, ana ɗinka sirdi, ana saƙa, ana noman baba da taba da alkama da albasa da shinkafa mai yawa. Ko da idon baƙo ya ƙara gishiri a lissafin mil, ko ka raba shi biyu ka san ba ƙaramin aiki aka yi ba.

Me ya sa za a kewaye fili mai faɗin haka? Saboda a ƙasar Hausa ba gidaje kaɗai ganuwa ke rungumewa ba. Akan bar gonaki da makiyaya da rijiyoyi a cikinta, yadda idan maƙiyi ya yi zobe, mutanen ƙauye za su shigo da dabbobinsu, a yi noma a ci har ya gaji ya tafi. Ƙasar da aka haƙa aka yi ginin ita ke barin rami a waje, ramin ya zama tarkon doki. Gyara kuwa aikin gayya ne. Bayan an gama kaka, sarki ya sa a yi shela, kowace unguwa da kowane ƙauye su ɗauki rabonsu, masu kwaɓa ƙasa na yi, masu ɗebo ruwa na yi, makaɗa na zuga su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinkar rumbu, balle bango mai tsawon tafiyar yini. Saboda haka tsayuwar ganuwa shaida ce cewa ana jin maganar sarki, kuma Bahaushe da Bagunge da Bakambare suna iya haɗuwa kan aiki ɗaya.

Lokacin jihadi birane da yawa sun faɗi da ganuwarsu a tsaye, Alƙalawa ta Gobir ma a 1808 aka ci ta. Yauri ta tsira da dabara. Sarki Muhammadu Albishir ɗan Ayi ya yi amana da masu jihadi, ya bi Gwandu, aka bar masa sarautar gidansu. Mai gida ne da ya ga gobara ta taso daga maƙwabta, ya yi maza ya share ciyawar da ke gewaye da rumbunsa.

Abin da wutar waje ta kasa, rigimar gado ta yi shi. Kowa ya san yadda takan kasance idan mai gida ya rasu 'ya'ya suka shiga jayayya: kowa na auna abin da ke cikin rumbu, babu mai hawa ya gyara jinka, don kada ya yi wa ɗan uba wahala. Damina ɗaya ruwa ya sami kafa, ta biyu bango ya jiƙe, ta uku a wayi gari gefe ya zauna. Daga 1844, da aka tuɓe Sarki Jibrilu Gajere, 'ya'yan sarki suka shiga yaƙar juna shekara da shekaru. Fada ta bar birni ta koma tsibirin Ikum, ruwa ya zama ganuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kontagora, ya sami ƙofa ta hanyar wannan rikici, yankuna masu yawa na gabas suka fita daga hannun Yauri. Da ƙura ta lafa, Sarki Abdullahi Abarshi bai koma tsohon birni ba, a Yelwa ya kafa fada a 1888. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, a kan wannan ƙarni na koma-baya ya yi bincikensa na digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello. Sannan Turawa suka zo da bindigar da bango ba ya tare ta, goro kuma ya koma bin jirgin ruwa ta Legas da jirgin ƙasa zuwa Kano. Rumbun da babu hatsi a ciki, wa zai yi masa yaɓe?

Tsibiran ma ba su dawwama ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da gonakin albasa na Gungawa, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Wannan ya ƙara wa Birnin Yauri daraja, domin tarihin da ke ƙarƙashin ruwa ba mai iya zuwa ya gani, na kan tudu kuwa yana nan ana taka shi.

A jihar Rajasthan ta Indiya, ƙasar sarakunan Rajput, akwai ganuwar Kumbhalgarh da Rana Kumbha ya gina a ƙarni na 15, tsawonta kusan kilomita 36, wato cikin kimar da 'yan Lander suka yi wa ta Yauri. A 2013 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya tare da wasu biranen tsauni biyar, har da Chittorgarh da Jaisalmer. Tasu ta dutse ce, ko an manta da ita shekara ɗari za a dawo a tarar da ita. Tamu ta laka ce, ba ta yafe mantuwa. Wannan ba abin kunya ba ne, hali ne na abin da muka yi gini da shi, kuma yana nufin duk abin da za a yi, yanzu ne lokacinsa. A gida ma, birnin Surame na Kanta da badalar Kano sun shiga jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007.

Yau baƙon da ya zo Yauri bakin ruwa yake nufa: kasuwar Yelwa da bandar kifinta da buhunan albasa, kwale-kwalen Sarkawa, tseren jirage na bikin Rigata, da fadar Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ke kan gadon tun 1999. Sunan Birnin Yauri kuwa, mutane da yawa sun fara jin sa ne a ranar 17 ga Yunin 2021, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya da ke garin. Birnin da aka san shi da ƙofofi takwas bai kamata a san shi da wannan kaɗai ba.

Ba wanda ke cewa a sake ɗaga bango mai mil 20. Aikin da ke gaba mai yiwuwa ne: masarauta da ƙaramar hukuma su sa a bi sawun ganuwar a auna ta, a kafa alama a inda dattawa suka ce ƙofofin suke, a ɗauki muryar dattawan da Hausa da Gunganci da Kambarci tun suna raye, a hana gini da ɗibar ƙasa a kan abin da ya rage. Malaman makarantun Ngaski da Yauri da Shanga su riƙa kai yara su taka wurin da ƙafarsu. Idan lokacin Rigata ya zagayo, a ware wa baƙi safiya ɗaya da mota ɗaya zuwa tsohon birni.