Me ke sa walda ta tsage?

Ƴan uwa manoma, sau da yawa mukan ga amalanke ta karye a hanyar kasuwa, alhali kayan ba su fi na kullum ba. In muka duba, sai mu tarar a gefen walda ƙarfen ya rabu. Wani lokaci jaki ya ji ciwo, wani lokaci yaron da ke tuƙi.

Ga dalili. Wutar walda tana narkar da ƙarfe da zafin da ya kai digiri 1500. In ya fara hucewa sai ya tsuke, amma ƙarfen da ke kewaye da shi mai sanyi ne, ba ya bari. Sai wurin ya zauna a ɗame, kamar ɗanyar fata da aka ɗaura wa ganga ta bushe. Wannan ja yana nan cikin ƙarfen ko babu kaya, ido kuwa ba ya ganin sa.

Ƙarfe kuma yana gajiya. Mun san waya: in muka yi ta lanƙwasa ta, ƙarshenta karyewa. Haka kowane rami da amalanke ta faɗa yake taɓa waldar. Ƴar tsaga takan fara a gefenta, siririya kamar gashi. Jan nan na ciki yana riƙe bakin tsagar a buɗe, shi ya sa take saurin ci gaba. Inda ƙarfe yake a matse, bakin yakan rufe, tsagar ta yi jinkiri.

Ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 1980, a tekun ƙasar Norwe, wani babban dandamali da ma'aikatan haƙar man fetur ke kwana a kansa ya kife, mutum 123 suka rasu. Bincike ya nuna tsagar ta faro ne daga wata ƴar ƙaramar walda.

To, me za mu yi?

1. Kada a zuba wa walda ruwa. A bar ta ta huce a hankali.
2. In ƙarfen mai kauri ne, a ɗumama shi kafin a yi waldar.
3. A goge gefen waldar ya yi sumul, a bubbuga shi da ƙaramar guduma mai zagayayyen kai. Bugun yana matse wurin.
4. Kada a lulluɓe tsohuwar tsaga da sabuwar walda. A kankare ta har ƙarshenta tukuna.
5. Kafin damina, mu duba amalanke da galmar shanu. A shafa kananzir, a goge, a shafa alli. In akwai tsaga, layi zai fito a kan allin.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu duba kayan aikinmu tun a gida, kada hanya ta duba mana.